Ranar da Inna Ta Wanke Hular Yallabai

Na yi shekaru ina tuƙa wani babban lauyan gwamnati a Nassarawa GRA. Duk wanda ya kai ƙarar jiha, ko jiha ta kai ƙararsa, Yallabai ne ke tsayawa gaban alƙali ya yi magana da bakinta. Ni dai ban taɓa ganin jiha ba, amma wadda na sani tana son kilishi, tana kuma minshari a kujerar baya.

Ban da mota, amanar da ya ba ni ita ce hular gashin nan ta lauyoyi. Tun ranar farko ya ce in wani abu ya same ta, in kama hanyar gidanmu a unguwar Gama. Ta tsufa, ta yi ja, tana warin gumi, kuma wai haka ake so, don dauɗarta ke nuna daɗewa a aiki. Nakan leƙa akwatinta kafin in tada mota, in sake leƙawa a danja. Har malaminmu na tambaya ko taɓa ta na karya alwala.

Sai mahaifiyarsa ta zo daga Jigawa ganin likita. Wata safiya da muke da shari'ar fili, na ajiye akwatin a baranda kamar kullum, ina wanke mota. Da na waiwayo, Inna na zaune gaban baho. Ta dirje hular da sabulu, ta sa mata bula, tana taje ta. Nannaɗin gashin nan duk ya warware.

Na fara tsara abin da zan gaya wa iyalina.

Yallabai ya fito cikin baƙar kwat, ya yi turus.

"Inna, me nake gani haka?"

"Ƙazantarka kake gani. Da wannan kake shiga mutane? Bunsuru ya fi ta ƙamshi."

"Ai ba a wanke ta, Inna."

"Na lura."

Ya juyo kaina. Inna ta ɗaga matajin.

"Daina hararar bawan Allah. Shi ya haife ka, da zai gyara ka?"

Mutumin da ke sa shaidu rawar baki ya durƙusa. "Allah ya saka da alheri, Inna."

A kotu ya ari hular wani ƙaramin lauya, ta zauna masa a tsakar ka kamar faifai a bakin tulu. Da muke dawowa ina ta salati a zuci, ina jiran ya karɓi makulli. Sai da muka iso get ya yi magana.

"Gobe ka zo da wuri. Kuma ka ɓoye rigar kotun, Inna ta ce za ta rage mata hannu."