Kunun kanwar maijego

"Maijego, ana ba ki kunun kanwa?" Rabi ta tambaya.

"Kullum. Inna ta ce shi ka kawo nono."

Tun da aka kwantar da matar nan a asibiti, zuciya ta gaza, ƙafafu a kumbure, ni ke jinyarta. Gishiri na hana ta. Ban tuna kanwa ma tana tara ruwa ba.

Tare muka gama makaranta da Rabi, tare aka kawo mu Filinge. Ita aka tura Yamai horon jinyar masu ciwon zuciya, ni aka ce in jira.

Da za mu fita, maijego ta riƙo hannun Rabi: "Gobe ma ke za ki zo, ko?"

Na gode Allah da aka gano. Amma ƙirjina ya yi zafi. Kun taɓa jin haka?