Yadda ƙarancin jini ya kusa bar ni a ƙasan baraji

Salamu alaikum. Wata bakwai ban rubuta komai a nan ba. Na ji labarai kala-kala da aka ba da a kaina, yau ga nawa.

Ga wanda bai san ni ba, nutso ne sana'ata. Idan injin ban ruwa ya faɗa baraji, wato madatsar ruwa, ko laka ta toshe bakin tiyo, ni masu lambun albasa na wajen Konni suke kira. Ba ni da kwalbar iska. Numfashi ɗaya nake ja in sauka.

Da farko na ga ina fitowa da wuri. Aikin da nake gamawa a nutso ɗaya ya koma uku. In na hau gaɓa zuciyata na bugawa har cikin kunne. Sai kuma kwaɗayin cin ƙasa, ƙato da ni, ina ɓantarar jikin katanga a ɓoye.

Ranar wata Talata injin wani Alhaji ya zame cikin ruwa. Na ɗaura igiya a ƙugu, wana Mamman ya riƙe. Na tuna na taɓa ƙarfen injin. Abin da na sake sani, ina kwance a gaɓa ina aman ruwa, Mamman na kiran sunana yana kuka.

Alhajin kuwa tambayarsa ɗaya: "To injin fa?"

Kafin magariba kowa ya zama masani. Wasu sun ce aljanar ruwa ce ta juya mini baya. Wasu sun ce ƙwaya nake sha. Mutanen da ruwa bai taɓa wuce musu gwiwa ba, su ne ke bayanin abin da ke ƙasan baraji.

Ni ma ban fi su wayo ba. Na yarda aka kai ni wurin wani mai magani a hanyar Malbaza. Ya dube ni ya ce, "Mataccen jini ne ya yi maka yawa." Ya sa aka kafa mini ƙaho shida a baya. Mutumin da jini ya ƙare wa, shi aka zauna ana tsotse wa sauran. Har godiya na yi masa.

Matata Hadiza ce ta tsayar da wannan shirmen. Ta kama hannuna ta ɗora kusa da nata, ta ce, "Malam, dubi tafinka. Wanga farin ba na lafiya ba ne. Gobe likita za mu, ko ka so ko ka ƙi."

A can wata ma'aikaciya ta ja fatar idona ƙasa, ta yi maza ta kira lokotoro, wato dokta. Nan tsoro ya kama ni. Aka ɗebi jini, aka ba ni 'yar kwalba in kawo fitsari.

Lokotoro ya tambaye ni, "Tun yaushe kake ganin jini in ka gama fitsari?"

Na ce tun ina yaro. Ai a garinmu cewa ake alamar zama namiji ce.

Ya ajiye biro. "Tsargiya ce. Tsutsa ce da ke shiga jiki daga ruwan da kake wuni a ciki. Shekara da shekaru kana zubar da jini kaɗan-kaɗan. Jan jini shi ke ɗaukar iska ya kai ko'ina a jiki. A ƙarƙashin ruwa, abin da ya ɗauka da shi kake rayuwa. Naka bai kai rabin na lafiyayyen namiji ba."

Aka ce sai an ƙara mini jini leda biyu, a kawo masu ba da jini. Hadiza ta bi majalisar da aka fi tattauna ciwona. Wannan ya ce yana azumin nafila, wancan ya ce jininsa ba ya son fita. Mamman ne ya bayar, da wani mai kabu-kabu da ko sunansa ban sani ba a lokacin.

Kwana biyar na yi a gado. Kuɗin analiz, wato awon jini da fitsari, da na magani sai da muka sayar da tunkiyar Hadiza. Aka ba ni maganin tsargiya, manyan ƙwayoyi masu ɗaci da sa jiri, da na ƙarin jini na wata uku. Bayan gida ya koma baƙi, aka ce kada in damu. Na ci hanta da zogale da wake har na gaji.

Sai da aka sake auna jinin lokotoro ya yarda in koma ruwa. Ranar farko na ɗaura igiya a ƙugu. Na sauka, na taɓa ƙasa, na debo laka cike da hannu na fito da ita. Mamman ya ce, "Mi za ka yi da ita?" Na ce ba komai, so nake in gani.

Alhamdu lillahi. Hadiza, Mamman, ma'aikatan likita, da ɗan'uwana mai kabu-kabu, Allah Ya saka muku da alheri.

Masu shiga ruwa: jini a fitsari ciwo ne, ku je a auna. In numfashinka ya ragu, duba tafin hannunka da cikin idonka. Kada ka yi nutso ba igiya, ba mai tsaronka a gaɓa. Kada ka bari a yi maka ƙaho kana jiri.

Masu bayani kuma, ɗakin ba da jini na buɗe kullum da safe. Ba a tambayar ra'ayi a can, hannu kawai ake miƙawa.