Kakana da Mutanen da Aka Tasa a Amurka

Shekarun baya, tun Umdurman na zaune lafiya, aka wayi gari an shafa wa katangar gidanmu jan fenti. Titi za a faɗaɗa, kuma layinmu duka ya ci. Mahaifina bai tsaya jayayya ba, ya samo mana gida can kudancin Khartum, kusa da garejin da yake aiki. Kowa ya hau ɗaure kaya, ban da kakana. Tsohon nan ya ce shi fa ba inda za shi, sai dai a rushe gidan da shi a ciki. Ya rage cin abinci, ya rage magana. Mahaifina ya ce in rana ta zo ɗaukarsa kawai za a yi a sa a mota. Mu duka mun san in aka yi masa haka, ba zai daɗe ba.

Ni kuwa lokacin ina karatun tarihi a jami'a, ji nake duk Sudan ba wanda ya kai ni sanin duniya. Wata rana bayan la'asar ina bitar jarrabawa a gindin darbejiyar tsakar gida, shi yana kwance kan gadonsa na igiya, ya juya mana baya.

"Kai ɗan boko," ya ce, "gunagunin me kake ta yi mana?"

Na ji daɗi ya tanka. Na ce, "Tsoho, labarin Amurka ne, ya fi ƙarfinka."

"Ja'iri. Faɗa min da Hausa in ji."

Na gyara zama, na hau zuba. Na gaya masa yadda Amurka, tana sabuwar ƙasa, ta sayi makeken yanki a hannun Faransa, ba wanda ya tambayi 'yan asalin wurin da ke zaune a kai. Na gaya masa yadda ake zama da shugabanninsu a yi alkawari cewa daga nan ba za a ƙara matsa muku ba, in an kwana biyu a dawo a ce ku ƙara gaba. Har na kai kan ƙabilun da sojoji suka fitar daga gidajensu, aka kora su yamma, wasu a ƙafa cikin sanyi, tsofaffi da yara na mutuwa a hanya. Wai ni nan ɗebe masa kewa nake yi. Sai da na kai tsakiya na gane irin labarin da na zaɓo wa mutumin da ake shirin tasa daga gidansa. Kaico, kunya ta kama ni.

Ya juyo a hankali. "An bar su sun yi sallama?"

"Sallama da wa?"

"Da maƙwabta. Da mutanensu da ke kwance a kabari."

Na ce littafin dai ya ce wasu suna cikin cin abinci aka fito da su. Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Iyayena da suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, gida-gida suka bi suna neman gafara. Haka ake tashi. Ubanka mota kawai ya sani."

Ashe ba ginin ne ya riƙe shi ba.

Washegari na riƙe masa hannu, don idonsa ya yi rauni, muka fara daga ƙofar farko. Duk gidan da muka shiga sai ya tsaya ya ce, "Mun zauna tare, in na cuce ku ku yafe min." Hausawa su ce, "Haba Baba, mu ne za mu nema." Wani Balarabe mai shago, da suka shekara suna faɗa kan ruwan kwata, ya rungume shi yana kuka, yana cewa ya yafe duniya da lahira. Ko'ina sai an dafa mana gahawa. Ni da na fito da taƙama, tun kafin azahar cikina ya fara ƙugi, tsoho kuwa ko gezau.

Ranar Juma'a muka hau raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, zuwa maƙabarta, wurin kakata. Ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, ya gaya mata unguwar da za mu koma, kamar mai ba da adireshi. Sannan ya ja hannuna ya ce, "Matso ka yi wa matarka sallama, kar ta ce ni na raba ku." Na yi dariya, dariyar ta ƙare da kuka.

Da muka miƙe ya ce, "Mutanen nan naka na Amurka, ban san addininsu ba, Allah ya san su. Amma an zalunce su." Daga nan ya ce in kai shi gida, yunwa yake ji.

Ranar tashi shi ya fara shiga mota, da ƙafarsa.

Yau ni ma ina koyar da tarihi, nesa da Umdurman. Duk sanda na zo wannan babin, muryata sai ta canja, ɗalibai su ɗauka mura ce. Da yaƙi ya zo, mun fita da kayan jikinmu, ban ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Kakana ya riga ya rasu kafin nan, kuma wallahi ina gode wa Allah da bai gani ba. Maƙwabtanmu, duk inda kuke, ku yafe min.