Baba Orest da Kuregen Bayan Rumbu

Mu a karkarar Saskacewan gofa muke ce wa kuregen nan da ke haƙa ramuka a makiyaya. Malaman dabbobi sun sha yi mana gyara, wai gofa na ainihi wata dabba ce daban, namu kurege ne kawai. Sun gaji sun ƙyale mu. Manomin da aka cinye wa alkama ba ruwansa da sunan ɓarawon.

A zamaninsa ba wanda ya kashe gofa kamar Baba Orest, maƙwabcinmu na arewa. Tun yana yaro ya iya ɗura ruwa a rami, ya tsuguna da zaren tarko yana jiran dabbar ta leƙo a jiƙe. Da ya gaji gonar ubansa sai ya koma guba. A cuɗa ta da hatsi, a bi ramuka da cokali da zarar ƙanƙara ta narke, tun ciyawa ba ta fito ba, lokacin da yunwa ke sa su cin komai. Saniyarsa ta taɓa karyewa a rami, kuma har ya yi furfura bai yafe ba.

Shi ba mai magana ba ne. Matarsa Paraska ce ke yin surutun mutum biyu, shi nasa gyaɗa kai. Da ta rasu gidan ya yi tsit. 'Ya'ya duk suna birni, sai waya ranar Kirsimeti. Tsaransa wasu suka mutu, wasu suka sayar suka tashi, cocinsu ma aka rufe. Ya ba Wendel, maƙwabcin gabas, hayar gonar, ya rage masa gida da ɗan fili a bayan rumbu.

Ni nake kai masa miyar kabeji ranar Lahadi. Wata rana na tarar da shi kan kujera a bayan rumbun, gofa kuwa sun cika filin, suna tsaye kan ƙafa biyu suna fito.

Na ce, “Baba, me zan gani haka? Ko gubar ce ta ƙare?”

“Yi a hankali, za ki kore su.”

“Kai da ka ƙarar da kakanninsu?”

“To ai shi ya sa muka san juna.” Ya nuna wani da haɓa. “Kin ga mai ƙiban can? Shi ne mai gadi. Rago ne, sai shaho ya wuce yake tuna aikinsa.”

Ranar ya yi mini maganar da ban ji ya yi a shekara guda ba. Ya san wadda ta haihu, ya san mai satar ciyawar wani. Ya ce abin da ya fi masa wuya shi ne hunturu, in sun shige ƙasa sun yi barcinsu na watanni, shi kuma ya zauna yana kallon farin fili ta taga. Tausayinsa ya kama ni har na kasa ci gaba da tsokanar. Da zan tafi ya ce kada in faɗa wa kowa, mutane za su ce tsufa ya taɓa masa kai.

Ƙarshen hunturun da ya biyo baya, ciwon huhu ya kwantar da shi a asibiti. Duk zuwan da na yi tambayarsa ɗaya ce, cikin raɗa: “Sun fito?”

Mu kuwa in mutum ya kwanta, maƙwabta kan yi masa aikin gidansa ba tare da tambaya ba. Tambayar ma cin fuska ce, don mutuminmu ko yana mutuwa “ba komai” zai ce. Wendel ya bar nasa aikin ya zo ya gyara shinge, ya kwashe taki. Ya zaga bayan rumbu ya ga ramuka ko'ina, ya ce lallai ƙarfin tsoho ya ƙare.

Ni na ɗauko Baba Orest daga asibiti. Ko ɗaki bai shiga ba, ya dogara sandarsa ya nufi bayan rumbu. Ba fito, ba motsi, sai iska. Wendel ya taso yana goge hannu a wando, fuskarsa cike da fara'a.

“Sannu da dawowa, Baba. Na yi maka maganin 'yan banzan nan.”

Baba Orest ya daɗe yana kallon filin. “Duka?”

“Ko ɗaya ban bari ba. Tun kafin ciyawa, yadda ka koya mini.”

“Ka yi aiki. Na gode, ɗana. Shigo mu sha kofi.”

“Wata rana, Baba, shuka na jirana.”

Raina ya ɓaci sosai. Na bi bayan Wendel zan sauke masa abin da ke bakina, sai tsohon ya riƙe mini hannun riga.

“Ƙyale shi, Lesiya. Mutum ya bar gonarsa ya zo tawa, kuma ki sa shi jin kunya?”

Motar Wendel ta tafi. Na taimaka wa Baba ya zauna, na ce bari in ɗumama masa miya in wuce gida. Tun da na san mutumin nan bai taɓa roƙon kowa ko allura ba. Bai kalle ni ba ya ce, “Kina sauri ne?”

Na ce a'a. Na jawo bokiti na kife na zauna kusa da shi. Har rana ta karkata muna nan muna kallon filin.