Malam Isyaku Mai Allon Bakin Ƙofa

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin motocin ma'aikata su fara sauke mutane a Challawa, Malam Isyaku ya riga ya jingine kekensa a gindin darbejiyar da ke ƙofar masaƙarmu. Aikin da aka ɗauke shi guda biyu ne: ya tsaya wurin na'urar buga kati, ya kuma busa jiniya idan lokacin canjin ma'aikata ya yi. Na ukun babu wanda ya sa shi. Akwai wani tsohon allo da aka kafa don sanarwa, aka manta da shi. Kullum sai ya goge shi da tsumma, ya ciro alli daga aljihu, ya buɗe wani littafi da ya ɗinke da zaren masaƙa, ya rubuta: "A rana irin ta yau."

Abin da ke biyo baya kuwa, sai wanda ya gani. Yau ka tarar an rubuta cewa a rana irin ta yau mutum ya taka wata. Wata safiyar kuma, biyu ga Afrilu, ranar da motoci suka koma bin hannun dama, har da gargaɗi ga masu keke. Wata ranar haihuwar wani mai busa ƙaho ce a Amurka, wanda babu mai iya faɗin sunansa a cikinmu, a ƙasa kuma ranar da makaɗin kalangun Ɗorayi ya fara shiga rediyo. Daga rediyon yake samo su, da tsofaffin jaridun da ake naɗo ƙosai, da bakin tsofaffi. Masu boko su karanta wa marasa boko, a yi gardama a layin kati, a shige.

Ni Lawan, akawun ofishin ma'aikata, shekara da shekaru ina wuce allon nan ban gane amfaninsa ba. Na sha tsokanarsa: "Malam, to an haifi mai ƙaho, sai mu yi yaya? Mu je suna?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Kowace rana da mai ita, Malam Lawan."

Bari in faɗi laifina tun da wuri. Lokacin da aka buɗe masaƙar a 1972, ni aka zaunar da fom ina cike wa mutane. Layi tun daga teburina har titi. A fom ɗin akwai gurbin ranar haihuwa. Ka tambayi mutumin ƙauye yaushe aka haife shi, ya ce maka shekarar da rijiya ta rufta, ko shekarar da fari suka ci gero. Ina zan rubuta wannan? Sai na riƙa kallon mutum, wani ma ban ɗaga kai ba, in ƙiyasta shekara, rana kuma kowa ɗaya ga Janairu. Mutum fiye da ɗari uku na haifa a rana guda, ko a jikina.

A farkon 1985 abin ya dawo kaina. Dokar kamfani ita ce duk wanda ya cika hamsin da biyar ya tafi gida. Sunaye suka fito, a ciki har da Talatu ta sashen naɗin zare. Mijinta ya rasu, 'ya'ya huɗu na makaranta, aikin nan shi ne abincinsu. Fayil ya ce an haife ta ɗaya ga Janairu 1930, an ba ta zuwa ƙarshen wata.

Ta zo ofis ta tsaya a gabana. "Malam Lawan, ni ce hamsin da biyar? Autana fa bana ya shiga aji biyu." Na duba fayil, na dube ta, na sake duba fayil. Rubutuna ne, amma wallahi ban tuna ranar da na yi shi ba. Na ce mata takarda ba ta ƙarya. Ni da bakina na faɗi haka, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Da ta fito tana share ido, Malam Isyaku ya tare ta a ƙofa. Ina tsaye a taga ina ji.

"Talatu, me ya sa ake ce miki Talatu?"

"Ran Talata aka haife ni mana, Malam."

Ya buɗe littafin nan, ya yi ta bin wasu layuka da yatsa, yana motsa leɓe. Can ya ɗago ya ƙwala mini kira. "Malam Lawan, ɗaya ga Janairun 1930 Laraba ce. Da ranar aka haife ta, da Balaraba muke kiranta."

Ta ina mutum zai san ranar da aka wayi gari shekara hamsin da biyar baya? Ya nuna mini jadawalin da ya zana da hannunsa, ya yi bayani sau biyu, ya ce shekara tana tura rana gaba da taki ɗaya, mai ƙarin kwana kuma taki biyu. Na gyaɗa kai kawai, ban fahimci komai ba.

Manajan ma'aikata, Mista Luka, mutumin Jos ne, ba mugu ba ne, amma takarda yake bi. Da muka kai masa maganar, ya ce, "Na yarda ranar ba daidai ba ce. Mu ma muna da Ɗanladi da Balaraba, na san al'adar. To shekarar fa? Kowace shekara tana da Talata hamsin da biyu. Ku kawo mini shekara kafin ƙarshen wata."

Ran Lahadi Malam Isyaku ya ce in hau kekena in bi shi, tunda ni na ɓata. Muka je ƙauyen su Talatu a bakin kogi, wurin mahaifiyarta, Inna Safiyatu, wadda ido ya yi mata rauni amma kai garau.

"Inna, ku tuna mana lokacin da kuka haifi Talatu."

"Da azumi ne, ya kwana goma sha biyu. Ana yankan dawa. Ranar ce Mamman na reluwe ya kawo akwatin nan mai waƙa."

"Garmaho?"

"Shi. Ya kunna shi da la'asar, da azumi a bakin mutane! Ina naƙuda ina jin wata mata tana waƙa a cikin akwati, na zaci aljanu ne suka zo mini. Liman ya fito da sanda."

Ni dai na ga mun dawo kan rijiya da fari. Azumi, dawa, garmaho, wanne zan rubuta a fom? Amma Malam Isyaku sai murna yake yi a hanya, yana tuƙi yana magana. Wai azumi yana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka ba kullum yake haɗuwa da yankan dawa ba. Wai a 1930 cikin Fabrairu ya faɗo, an daɗe da kai dawa rumbu. Wai shekaru uku ko huɗu ne kawai za su iya zama. Kaina ya ɗau zafi. Watan sama daban, watan Bature daban, ga kuma na gona, shi kuwa duk ukun yana riƙe da su kamar mai saƙa da zare uku.

Saura Mamman. Sai da Malam Isyaku ya yi yammaci huɗu yana nema bayan an tashi aiki, daga tashar jirgi zuwa Bompai, kafin ya same shi a Sharaɗa, a gidan ɗansa, ya tsufa tukuf. Da aka ambaci garmaho sai tsohon ya fashe da dariya, ya ce har yanzu kafaɗarsa na tuna sandar liman. Ya ce a shekarar da aka ɗauke shi aikin jirgi ya saye shi. Ya sa aka ciro takardar ɗaukar daga ƙasan adaka, ta yi ja, amma shekarar tana nan a fili: 1937.

Ranar da muka shiga wurin Mista Luka, saura kwana biyu wa'adin ya cika. Malam Isyaku ya shimfiɗa littafinsa da takardar Mamman. Ya nuna cewa a 1937 azumi ya kama a farkon Nuwamba, lokacin yankan dawa, kwana na goma sha biyu kuma ya faɗo sha shida ga wata. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, duba jadawalin da kanka, wace rana ce?" Mista Luka ya bi layin da biro, ya ɓace, ya dawo, ya sake ɓacewa. A karo na uku ya cire tabarau ya ce, "Talata." Sannan ya ce, "Ban san yadda ka yi ba, Malam, amma abu huɗu ba sa haɗuwa a banza." Ya miƙo mini fayil. Da hannuna na soke 1930. Ashe a lokacin shekarun Talatu arba'in da bakwai ne, tana nan a sashenta har yau.

Malam Isyaku, kai ne mai rana ta kowa. Kai ne ka ɗauki maganar tsohuwa da ni na raina, ka mai da ita hujjar da ta tsaya a ofis. Bayan Talatu, mutum nawa ka bi ƙauyukansu a kan keken nan? Ni na gyara fayil goma sha tara, kowanne da sawunka a ciki. Tun daga lokacin kuma allon ya canza. Ƙarƙashin masu ƙahon Amurka sai ka ga an rubuta: yau aka haifi Idi na sashen rini, yau aka haifi Binta mai shara. Na ga ƙaton namiji ya tsaya gaban allon an karanta masa sunansa, ya kasa buga kati.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ƙarshen Disambar nan ta 1988 Malam Isyaku zai ajiye aiki. Fayil ɗinsa ya ce ɗaya ga Janairu 1934. Rubutuna ne. Na same shi a gindin darbejiya, na ce, "Malam, mu hau keke. Yadda ka yi wa Talatu, mu yi maka. Na tabbata ba ka kai ba."

Ya ce mahaifiyarsa wurin haihuwarsa ta rasu, mahaifinsa bai daɗe ba ya bi ta. A hannun kawunnai ya tashi, duk sun tafi. Sunansa bai faɗi rana ba, kuma babu wanda ya rage da zai ce ana yankan dawa ko ana shuka. Ya ce tun yana saurayi yake nema, neman ne ma ya koya masa lissafin.

Na ce to mu ƙirƙira mana, tunda wancan ma ƙirƙira ce, wa zai sani? Ya rufe littafin ya dube ni.

"A'a, Malam Lawan. Duk duniya kai kaɗai ka taɓa ba ni rana. Ka bar mini ita."

Na kasa gane ko yafe mini ya yi ko hukunci ya yanke mini, kuma har yanzu ban gane ba. Na dai koma ofis na rufe ƙofa na yi kuka.

Mun gode, Malam Isyaku. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma akawuna 'yan'uwana na Challawa da Sharaɗa da Bompai, ku ɗaga kai ku dubi wanda ke gabanku kafin ku rubuta. Wanda yake da tsohuwa a gida, ya je ya tambaye ta tun tana iya ba da amsa.

Ya bar mini allin da littafin, ko da yake jadawalin har yau bai shiga kaina ba. Ran ɗaya ga Janairu Lahadi ce, ba aiki, amma zan je in goge allon. Na san abin da zan rubuta, kuma wannan karon suna ɗaya ne kawai.