Taɓarya ta Uku

A watan Agusta na shekarar 1989, da hantsi, ina zaune a bayan babbar motar siminti muna fita daga Malbaza, ƙullin gerona a kan cinya, Littafi Mai Tsarki a hammata. Direban maƙwabcinmu ne, Alhaji Mamman, wanda ya yarda ya sauke 'yan matan majami'armu a wani ƙauye kusa da Tsarnawa, inda ake taron 'yan mata duk hutun lakwal, wato makarantar boko. Sauran yara suna ta waƙa, ƙurar siminti ta mai da girarsu fari. Ni kuwa ina kallon gonakin gero suna wucewa, ina addu'ar motar ta lalace mu koma gida. Shekarata goma sha biyu, kuma ban da ƙannena babu yarinyar da zan iya kira ƙawa.

Baba ya so a bar ni. "Ki ƙyale ta da littattafanta, ba ta cutar kowa," in ji shi. Inna ta ce, "Littahi ba ya zuwa ma mutum biki." Da wannan aka rufe maganar. Ita ma ta biyo mu, cikin matan zumuntar majami'a da za su riƙa dafa mana abinci. Amma zuwanta bai kwantar mini da hankali ba, domin ni ce 'yar fari, kuma Inna mace ce mai kunya irin ta da: ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana a gaban mutane.

A wani dogon ɗakin ƙasa muka shimfiɗa tabarmi, gefen majami'a. Da safe addu'a da haddar aya, sai jan ruwa a rijiya, da shara, da koyon ɗinki a gindin bishiyar bedi. Geron da kowa ta kawo a buhu guda ake juye shi, don kada a san wadda gidansu ba su da shi da yawa. Na ɗauka za a sa ni cikin masu karanta wa ƙanana labarin Yusufu, sai na ji Mama Tabita, matar fasto, ta ambace ni cikin masu daka. Sai da na girma na san Inna ce ta roƙi hakan.

A gida ina daka, amma ni kaɗai, a hankali, bayan madafa. A nan kuwa lugude ake yi, biyu ko uku a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na tashi ta waccan na sauka. Aka haɗa ni da Saratu, wata ƙaƙƙarfa daga Alela, mai jefa taɓarya sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Ko in riga ta, ko in makara. Taɓare su yi karo, gero ya watse, kaji su taso a guje. "Ke Malama, turmin ga ya zage ki ne?" in ji Saratu, aka fashe da dariya. Ranar kunu bai samu ba sai da rana ta take.

Kashegari motar Alhaji ta tsaya a bakin hanya, ya kawo mana gishiri da saƙon gida. Na ƙulle kayana na tafi wurin murhu, inda Inna ke iza wuta. Na ce, "Inna, zan bi Alhaji." Ba ta ɗago ba. Ta ce wa matar da ke gefenta, "Ki hwaɗa ma ɗiyar ga, ba wanda ya riƙe ta. Amma dakanta bai ƙare ba." Na daɗe a tsaye. Ban taɓa iya barin aiki rabi ba, kuma ta san haka. Na koma, Saratu ta miƙo mini taɓarya, muka fara, muka sake karo.

Sai ga inuwa a kan turmin, taɓarya ta uku ta shigo. Inna ce. Ba ta dube ni ba. Ta rage saurin dakan, ta soma rera wata waƙar majami'a ƙasa-ƙasa, tana sauke tata gab da tawa, yadda ba abin da ya rage mini sai in bi bayanta. Saratu ma ta sassauta. Inna, ni, Saratu. Inna, ni, Saratu. Ina jin ƙamshin hayaƙi a zanenta, ina jin numfashinta. Alhaji ya yi oda, motar ta tashi, ban waiga ba. Da gero ya zama gari, Inna ta jingine taɓarya ta koma murhunta. Saratu ta share gumi ta ce, "To Malama, gobe tafi za ki koya." Da yamma ita ta ja ni filin gaɗa, na faɗa da baya, hannuwa suka tare ni.

Yanzu 'ya'yana mata ne ke zuwa taron, a cikin bas, hatsinsu kuma inji ke niƙawa. Ina rungume su a tasha, suna buga mini waya kafin su isa. Duk da haka, in sun tafi, nakan zauna ina neman aikin da zan shiga tare da su ba tare da na ce uffan ba, ban samu ba. Inna ta rasu tuntuni. Ban taɓa tsayawa kusa da ita ba kamar a bakin turmin nan.