Bidiyo a Ɗakin Takaba

Shekarar da ƙanena ya fito takarar majalisar jiha, ni na zama mai ba dangi haƙuri. Ina koyarwa a wata firamare a Gumel, shi kuwa ya daɗe a Kano yana sayar da kayan gini, sai aka zuga shi ya dawo gida neman kujera. Dawowar ma ta waya ce. Ya ɗauki mutane suna cika shafinsa na sada zumunta da hotuna: yau ya sha babbar riga yana murmushi, gobe ya ɗaga hannu kamar mai tare mota. In na ce masa an yi haihuwa gidan wane, ya daure ya leƙa, sai ya ce, "Yaya, an wuce nan. Yanzu ƙuri'a a waya take. Kin ga layik ɗin da na samu jiya kuwa?" Ni dai ban taɓa ganin layik ya dangwala ƙuri'a ba.

Ana cikin haka kawunmu ya rasu a wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar. A gidansa aka yaye ƙanen nan nawa, bai dawo hannun mahaifiyarmu ba sai da ya isa shiga makaranta. Matar Kawu, wadda duk muke kira Inna, ita ta goya shi, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda.

Na isa an riga an kai Kawu. Ban gama cire takalmi ba Inna ta ce, "Ina ɗana?" Na ce yana hanya. Abin da na sani kawai shi ne ta'aziyyar da mutanensa suka saka a shafinsa: hotonsa ya cika fuskar waya, na Kawu ɗan mitsitsi a gefe, a ƙasa ga alamar jam'iyya. 'Ya'yan Kawu ma sun gani. Ba su ce mini komai ba, amma gaisuwarsu ta yi sanyi. Na koma bayan rumbu inda ake samun sabis, na kira shi na ce ko dai ya zo ya gaida matar nan, ko ya daina kirana Yaya.

Ya zo ranar sadaka. Wallahi na ji daɗi har na manta fushina. Ya zauna da maza a ƙofar gida aka yi addu'a, sannan ya shigo. Sai ga wani ƙato a bayansa, ya maƙala waya a kan wani dogon ƙarfe, yana biye da shi har bakin ɗakin Inna.

Mace mai takaba ba ta kwalliya, ba ta fita sai da lalura, baƙon namiji kuwa daga zaure yake aiko da gaisuwa. Ƙanena ɗan ɗaki ne, babu mai hana shi shiga. Wannan mutumin fa? Mata suka shiga jan mayafi suna kallona, kamar ni na gayyato shi.

Inna tana zaune a kan tabarma da tsohon mayafi, idanu sun kumbura. Ƙanena ya durƙusa a gabanta. Ta kama kansa da hannu biyu ta fashe da kuka, tana cewa Allah ya yi masa albarka, ya ba shi abin da yake nema in alheri ne, ya sa ya gama da duniya lafiya. Duk ɗakin muka kama kuka. Shi ma hawaye yake, kuma na rantse na gaske ne.

Sai mutumin nan ya ce daga bakin ƙofa, "Honarabul, ɗakin da duhu, bai fito ba. Hajiya, ɗan matso nan ki sake, ki ɗaga murya. A ɗan janye mayafin kuma."

 Na jira ƙanena ya daka masa tsawa. Ya share ido ya ce, "Inna, yi haƙuri ki ɗan sake. Zai taimake ni."

Na ce, "Kai! Kanka ɗaya kuwa?"

Inna ta ɗaga mini hannu. "Ƙyale shi," ta ce. Ta ja jiki zuwa bakin ƙofa inda rana take, ta buɗe fuskarta, ta sake addu'ar. Wannan karon wayar take kallo, maganar tana sarƙe mata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ciki. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kafin la'asar bidiyon ya hau shafinsa, an ɗora masa waƙar kamfen, an rubuta wai iyaye mata sun sa albarka. Bayan 'yan kwanaki, babban ɗan Kawu a kasuwar Maigatari ya gan shi, a hannun wani dillalin shanu da ke nuna wa abokansa. Ya kira ni, ko sallama babu, ya ce, "Ki gaya wa ɗan'uwanki ya sauke uwata daga waya." An sauke, amma ya riga ya zaga gari.

Zaɓe ya zo, ƙanena ya sha ƙasa. Ba zan ce bidiyon ne ya kayar da shi ba, don akwai ƙauyuka da yawa da ba su taɓa ganin ƙeyarsa ba. Ya tattara ya koma Kano yana cewa maguɗi aka yi masa.

Da Inna ta fita takaba na kai mata turmin atamfa da sabulu. Duk hanya ina shirya yadda zan ba ta haƙuri. Muna gama gaisawa ta riga ni.

"Na ji bai samu ba."

"Haka Allah ya so, Inna."

Ta shafa atamfar. Can ta ce, "Ni na ɓata masa. Addu'a ta farkon ce mai kyau, ita kuma ba a ɗauka ba. Ta biyun bakina ya harɗe, ban faɗa daidai ba. Ki ce masa ya yafe mini."

Na ce to, zan gaya masa. Har yau na kasa.